Falalu Mai Doro da Rijiyar Surukansa

A bazarar 1977, wata rijiya da ke dajin yamma da Gwiwa, wadda shanun gida bakwai suke sha, ta yi kwana goma sha biyu a hannun wani mai ɗinkin littafi a Kazaure. Ba ruwan aka kawo masa ba. Rubutun da zai nuna wa alƙali masu rijiyar aka damƙa masa, aka ce ya gyara kafin ranar shari'a. Sunan mutumin Falalu. Duk wanda ya san shi zai rantse bai taɓa ha'inci a aiki ba, bai taɓa tsallake abin da aka koya masa ba. Gaskiya ne kuwa, kuma abin tsoron ke nan.

Ubansa Daudu baduku ne, sana'arsa ɗinkin gafaka da tadarishi, wato jakar fata da bangon da malamai suke adana littattafai a ciki. Littafin malami a ƙasar Kazaure a wancan zamani ba a ɗinke yake ba. Warƙa-warƙa ne, kowace takarda zaman kanta take yi, sai a tara su tsakanin bango biyu a ɗaure da igiyar fata. A cikin warin jima Falalu ya tashi. Ya yi elementare shekara huɗu, ya iya boko daidai karanta wasiƙa, ya iya Larabci daidai yin salla.

A 1958, da zancen mulkin kai ya yi ƙarfi, aka ce wajibi ne 'ya'yan ƙasa su karɓe duk abin da Turawa suka iya kafin su naɗe kayansu. Aka tura wani koyon aikin asibiti, wani koyon tuƙi, wani awon hanya. Da aka zo kan Falalu, sai wani babba ya tuna ubansa mai ɗinki ne, aka rubuta sunansa a gaban ɗinkin littafi. Shi kansa sai a cikin motar Kano ya fara jin ana ɗinka littafi.

Maɗaba'ar da aka kai shi tana da wani ɗaki can baya mai taga ɗaya, inda wani tsoho siriri mai suna Maikasuwa yake mulki. Yatsunsa tara ne. Ba a tambayarsa ina na goman yake, domin abin da ya ɗauke shi yana tsaye a kusurwar ɗakin: injin yankan takarda, baƙin ƙarfe, mai wuƙa tsawon kamu biyu da dogon hannu da ake dannowa daga sama.

"Ɗan baduku, me ka iya?" in ji tsohon a ranar farko.

"Na iya ɗinki, Baba."

"Madalla. To ka manta. Ga tukunya can."

Wata uku Falalu ya yi yana dama gam da fulawa, a zuba ɗan alif ɗin tace ruwa saboda ƙwari, a yi ta juyawa har hannu ya mutu. In ya yi gudaji, Maikasuwa ya ce ya shanye abinsa tunda kunu ya dama. Daga nan aka ba shi wani ƙashi mai sulɓi na ninke takarda. Sai da ya shekara kafin a bar shi ya taɓa allura. Ya koyi jera takardu ƙunshi-ƙunshi, ya huda, ya ɗinke kowane ƙunshi a jikin siraran ƙyallaye uku da zare mai kakin zuma, ya ɗaure shi da na ƙasansa. Ranar da aka sauke tutar Turawa duk gari ya tafi filin taro, shi yana gaban tukunya, domin gam bai san an sami mulkin kai ba, in an bar shi daskarewa yake yi.

Abin da Maikasuwa yake alfahari da shi shi ne doro. Littafi in an gama ɗinke shi, bayansa yakan fi gabansa kauri saboda zare. In aka bar shi haka, shekara biyu sai ya turo ciki gaba, ya fara zubar da takardu. Maganin abin shi ne a shafa gam a bayan, kafin ya gama bushewa a kwantar da littafin, a riƙa jawo takardun da yatsu ana bubbuga bayan da guduma, a juya shi a sake, har ya lanƙwasa ya yi doro kamar kafaɗar tulu. Sannan a liƙa wa doron yadin akoko, a sa kwali gaba da baya, a lulluɓe da yadi, a danne a cikin matsi kwana biyu.

"Dukansa na ce ka yi?" Maikasuwa ya karɓe gudumar daga hannunsa. "Lallashinsa za ka yi. Bi shi a hankali har ya ɗauka shi ne ya ga damar sunkuyawa."

Falalu ya ɓata littafin gwaji goma sha ɗaya kafin na goma sha biyu ya sunkuya.

Amma kafin a kai ga doro sai an biya ta wurin wuƙa, ita kuwa doka ɗaya gare ta, wadda Maikasuwa yake maimaitawa kamar kiran salla.

"Ka lalubo takardar da ta fi kowace ƙanƙanta, ita ce ma'auni. Duk wadda ta fi ta, rara ce. Ka tabbata ba ka taɓa layin rubutu ba, shi ke nan. Gefe wurin babban yatsa ne, ba littafi ba ne."

In Falalu ya yanke, tsohon sai ya rufe ido ya bi bakin littafin da yatsa. In yatsan ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya, littafin ya tafi ƙasa, Falalu ya bi shi ya ɗauko. Shekara biyar ana haka, har hannunsa ya zamana yana riga kansa sanin abin yi.

A 1963 maɗaba'ar ta sayi injin yanka mai aiki da lantarki, aka rasa inda za a kai tsohon injin, aka haɗa shi da Falalu aka sallame su tare. Mutum shida suka sauke shi daga mota a Kazaure. Falalu ya kai wa ubansa littafin da ya fi ji da shi, mai koren yadi. Daudu ya juya shi, ya buɗe, ya ja wata takarda a hankali, ta ƙi fitowa.

"To in ɗalibai biyar suka zo ɗaukar karatu lokaci ɗaya fa? Yaya malam zai raba musu?"

"Sai kowa ya nemi nasa, Baba."

Daudu ya miƙa masa abinsa da hannu biyu, kamar mai mayar wa wata jaririnta, ya ce Allah ya sa albarka.

Albarkar kuwa ta zo. Mulkin kai ya zo da takardu fiye da yadda kowa ya yi zato, kuma kowace takarda tana son bango. Hedimastoci daga Roni da 'Yankwashi suka riƙa kawo rajistar makaranta, malaman asibiti da na kotu suka kawo nasu, har daga Babura ake aiko masa a motar kasuwa. Aka sa masa suna Falalu Mai Doro, alhali bayansa a miƙe yake kamar tabarya. Ya mai da ɗakin da ke jikin zaurensa shago. Ya auri Saude, 'yar wasu Fulani da suka daɗe da zama yamma da Gwiwa suna kiwo suna ɗan noma. Ubanta tsohon mai sayen gafaka ne a wurin Daudu, shi ya sa bai tsaya dogon bincike a kan asalin dukanci ba, ko da yake dangi sun yi masa binciken kyauta.

Saude ce take share shagon kowace safiya kafin a buɗe ƙofar waje. Tana da tsarinta. Yankakkiyar takarda fara, ta hura wuta ce. Wadda ta ga harafin Larabci a jiki kuwa ba ta barinta a ƙasa inda ƙafa za ta taka. Sai ta tsince ta daban, ta ƙona a wani kasko mai tsabta, ta binne tokar a gindin katanga. Haka uwarta ta koya mata, haka kowace mace mai tarbiyya take yi, kuma Falalu yana yaba mata a kan haka.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Aka shimfiɗa kwalta, aka fara ganin mutanen da bara suke kan keke bana suna cikin mota suna gaisuwa ta taga. Wani ɗan kwangila, Alhaji Muhammadu Lawal, ya ji a rediyo ana kira a koma gona, ya amsa kiran da gaske. Ya samo takardar wani makeken daji yamma da Gwiwa, ya yi odar tarakta biyu, safiyo ya zo ya kakkafa turakun siminti. Ba mugun mutum ba ne. Bai ma taɓa ganin rijiyar ba. A taswirarsa ɗigo ce, kuma ɗigon ya faɗo ta cikin layi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Hamma, yayan Saude, ya yi sallama a ƙofar shagon da tsohuwar gafaka a rataye. Dogo ne, mai magana a hankali, kuma tun ranar ɗaurin aure bai taɓa kiran Falalu da sunansa ba, sai Kaɗo, yadda Fulani suke kiran Bahaushe.

"Kaɗo, ana aiki?"

"Hamma, sannu da hanya. Yaya shanu?"

"Shanu suna nan. Ruwansu ne ake so a ɗauke."

Ya zauna ya yi bayani. Kakansu, wanda ake kira Modibbo, shi ya haƙa rijiyar da izinin dagacin wancan zamani, ya kuma rubuta haka da sunayen shaidu huɗu a cikin littafin fiƙihun da ya kwafa da hannunsa. Sun kai ƙara, an sa rana, saura kwana goma sha biyu. Rijiya mafi kusa bayan wannan tafiyar yini ce, kuma tana da masu ita. In wannan ta tafi, gida bakwai sai tashi.

"Na nuna wa akawun kotu," in ji Hamma. "Ya ce wannan ba littafi ba ne, tarin takardu ne, kowa zai iya cusa tasa a ciki jiya da yamma. Ya nuna min nasu a kan kanta, masu doro, ya ce ga abin da ake kira littafi. Na duba na ce a raina, ashe ma abin a gida yake, wannan ai aikin mijin Saude ne."

Falalu ya kwance igiyar. Warƙa ɗari uku da 'yan kai, launin ƙasa, suna warin hayaƙi da man shanu.

"Maganar rijiyar a ina take?"

"A ciki."

"Wace warƙa?"

"Kai ka yi makaranta, ni kake tambaya? Baffanmu, Allah ya ji ƙansa, shi yakan buɗe ya karanta mana duk shekara in an yashe rijiyar. Na haddace ta kamar sunana, amma ban san mazauninta ba. Tana ciki dai."

"Bakin fa? A yanke ko a bari?"

"Na kotun a yanke suke?"

"A yanke."

"To me kake tambaya, Kaɗo? Ka yi masa irin na gwamnati, yadda in alƙali ya gani zai gyara zama."

Falalu ya ture duk wani aiki gefe. Bai taɓa ba wani littafi kulawar da ya ba wannan ba. Ya jera warƙoƙin ta bin kalmar da masu kwafi suke sawa a ƙasan kowane shafi don nuna farkon na gaba, abin da ya sani tun a zauren ubansa. Da yake kowace warƙa ita kaɗai ce, ba ta da ninki, sai ya ɗinke su takwas-takwas ta gefen ciki, ƙananan ɗinki kamar na bakin hula. Warƙoƙin ba girmansu ɗaya ba, domin Modibbo ya shekara da shekaru yana sayen takarda daga duk fataken da suka biyo. Gefunan ɓera ya ɗanɗana, yatsun mutum uku, kaka da ɗa da jika, sun mayar da su baƙi. Nan da can akwai ƙananan rubutu a gefe, rabi ya shafe, irin wanda ɗalibai suke yi in karatu ya yi tsawo. Falalu ba ya karanta ajamin Fulatanci, kuma an riga an gaya masa mene ne gefe.

A rana ta shida ya lalubo warƙar da ta fi ƙanƙanta. Ya auna. Ya duba shafi goma daga wurare daban-daban, ya ga layukan rubutun Modibbo duk tsawonsu ɗaya, babu wanda wuƙa za ta taɓa. Ya ɗaure littafin a injin, ya yi bisimilla, ya danno hannun. Wuƙar ta sauka da ƙara ɗaya. Rarar ta zube ƙasa, wasu siraran kamar gashi, wasu faɗin yatsa biyu. Ya rufe ido ya bi bakin da yatsa. Babu tuntuɓe.

Washegari Saude ta shigo da tsintsiya, ta ga baƙaƙe a jikin sharar, ta ajiye tsintsiyar ta tsince da hannu saboda girmamawa, tunda rubutun kakanta ne. Ta ƙona a kasko, ta binne tokar, ta yi wa Modibbo addu'a.

Doron ya fito yadda Falalu bai taɓa samu ba. Ya liƙa akoko, ya zaɓi baƙin yadi mai kauri, ya sa a matsi. A rana ta tara ya fitar, ya tsayar da shi a kan tebur, ya ja baya yana kallo. Ya so a ce Maikasuwa yana da rai.

A ranar ce goggon su Saude, tsohuwar da kowa yake kira Adda, ta sauka a gidan. Ta zo asibiti ne neman maganin ido. 'Yar Modibbo ce ta cikinsa, ita kaɗai ta rage. Da ta ji littafin ubanta yana gidan, ta ce a kawo mata ta taɓa. Falalu ya kai mata har tsakar gida, ya durƙusa ya miƙa. Ta shafa bangon, ta shafa doron, ta ce kai, ya yi nauyi. Sai yatsunta suka zagayo ta bakin. Suka tafi sama, suka dawo ƙasa, suka sake komawa.

"Ina babbar warƙar?"

"Wace, Adda?"

"Mai leƙowa waje. Da ita muke gane wurin."

"Duk suna ciki, Adda. Ko ɗaya ban cire ba."

"Akwai wadda ta fi sauran faɗi. Ita Modibbo ya zaɓa saboda tana da fili. Ina tsaye ina riƙe masa tawada. Ya juya takardar a kaikaice ya rubuta can bakin gefe, ya ce maganar rijiya maganar duniya ce, ba za ta zauna sahu ɗaya da hukuncin Allah ba."

Wata kaza ta ratsa ta gabansu. Falalu ya karɓi littafin ya koma shago, ya zauna gaban taga, ya fara buɗewa shafi-shafi. Bayan tsakiya kaɗan ya same shi. A can bakin takardar, daga sama har ƙasa, akwai jerin ɗige-ɗige da 'yan ƙananan ƙugiyoyi, kamar sawun tururuwa a kan rairayi. Kawunan haruffa ne. Layi biyu da ke gabansu, da gangar jikin wannan layin, sun tafi.

Da ya ɗago, Saude tana tsaye a ƙofar ciki.

"Malam, sharar ranar nan..."

"Na sani."

"Masu faɗin nan. Na ga rubutu ne, shi ya sa."

"Abin da ya kamata kika yi."

"Kai ma ai abin da aka ce ka yi ka yi."

Suka tsaya a haka, mutum biyu da babu mai laifi a cikinsu. Daga baya ta je gindin katanga ta tona da hannu. Toka ta samu, kamar yadda ta binne.

Kwana biyu suka rage kafin Hamma ya zo. Falalu bai aika masa ba, domin bai san wace kalma zai ba ɗan aike ba. Ya yi ta buɗe shafin yana rufewa, kamar mai duba mara lafiya. Littafin kuwa ko a jikinsa, yana buɗuwa lafiya, yana rufuwa lafiya, zai yi shekara ɗari.

Hamma ya iso ana jajibirin shari'a. Da ya ga littafin a kan tebur, fuskarsa ta saki. Ya ɗaga shi, ya auna nauyinsa a hannu.

"Kai, Kaɗo! Wannan ko gwamna ya gani sai ya miƙe."

"Hamma, zauna. Akwai magana."

Ya gaya masa duka, bai rage komai ba, bai ambaci akawu ba, bai ambaci wanda ya ce a yanke ba. Hamma ya saurara har ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon injin a kusurwa.

"To a liƙa wani gefen mana. Na haddace, Adda ta haddace. A samu malami ya rubuta. Ai ba ƙarya za mu yi ba."

"In na liƙa, warƙa ɗaya za ta leƙo a cikin ɗari uku da suke sumul. Makaho ma zai ji ta da yatsa. Ga sabuwar tawada."

"Ka iya aikinka dai."

"An ɗinke shi ne don kada a iya ƙara masa komai, Hamma."

"Haka ne," in ji Hamma. Ya gwada sa littafin a gafaka, ya ƙi shiga. Ya naɗe shi a rawaninsa.

Falalu ya bi su kotu, ba wanda ya gayyace shi. Alƙalin dattijo ne mai tabarau, wanda ya yi karatun zaure kafin ya yi na gwamnati. Wakilin Alhaji ya miƙa takarda bugun tafireta da taswira mai hatimi. Hamma ya kwance rawani ya miƙa nasa. Alƙali ya gyara zama, kamar yadda aka yi fata. Ya juya littafin, ya shafa doron, ya tambayi wanda ya yi aikin, aka nuna Falalu, ya ce Allah ya yi albarka. Sannan aka buɗe masa shafin.

Ya daɗe a kai. Ya cire tabarau ya goge, ya sa aka matso da shi bakin taga, ya karkata takardar, leɓunansa suna motsi.

"Hannun tsohon malami ne, wannan babu shakka. Akwai rubutu a nan da. Amma ko na rijiya ne, ko na ranar haihuwar wani, ko maganin ciwon ciki, ba zan iya rantsuwa ba. Wa ya ce ku ɗinke shi?"

Akawu ya gano wata matsala a bakin alƙalaminsa, ya duƙufa a kanta.

"Da a warƙarsa kuka kawo shi, tsohuwar takarda da tsohuwar tawada da sun yi magana da kansu. Da irinsu muka yi karatu."

"Allah ya gafarta Malam," in ji Hamma, "na haddace abin da ke wurin."

"Na yarda ka haddace. Amma kai ne mai ƙara."

Adda ta ce a ba ta Alƙur'ani ta rantse, ita ta riƙe tawadar. Alƙali ya saurare ta da girmamawa, ya tambayi shekarunta a lokacin, ta ce ba ta fi goma ba. Ya tambayi shaidun nan huɗu. Duk sun rasu, dagacin ma haka. Ya ɗaga shari'ar mako biyu ko za a samo wani mai rai da zai tsaya tare da ita. Aka zaga har Roni, aka samu tsofaffi da yawa da suka san rijiyar Modibbo ce, domin kowa ya sani, amma babu wanda yake wurin. Da aka dawo, alƙali ya yanke da abin da ke gabansa.

Alhaji Muhammadu Lawal ya nuna dattaku. Ya aiko cewa ba zai kori dabba daga ruwa a tsakiyar bazara ba, su ci gaba da sha har ruwan farko ya sauka, daga nan za a ja waya. Aka yi ta yaba masa a gari. Haka mutanen da suka yi rayuwarsu duka suna roƙon ruwa suka koma duban gabas da faɗuwar gaba. Falalu ma a Kazaure, in iska ta juya, sai ya ajiye guduma ya fito ƙofar zaure. Hadari ya haɗu sau uku ya watse. A na huɗu bai watse ba.

Ranar tashi Falalu ya shiga motar Gwiwa, ya ƙarasa da ƙafa. Ya tarar an kwance bukkoki, an ɗora kaya a kan shanun dako. Sabuwar waya tana ƙyalli, rijiyar tana can ciki, taku talatin, da kwamin shan ruwa a kife. Ya zo ne a zage shi. Ya shirya wa zagin tun a mota, har ya ƙosa.

Hamma ya taryo shi, ya tambayi Saude, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sa aka kawo masa nono.

"Hamma, ni ne na..."

"Sha nono, Malam Falalu. Hanya da nisa."

Falalu ya riƙe ƙwaryar ya kasa kaiwa baki. Bai taɓa jin sunansa ya yi masa nauyi haka ba.

Da hantsi ya yi, lokacin shan ruwa, shanun suka juya da kansu suka nufi wayar, suka jeru a jikinta suna kuka. Sai da aka sa sanda kafin su fuskanci arewa. An ce sun bi ta Babura sun haye iyaka. Shekara biyu ana samun saƙonsu a bakin masu zuwa kasuwa, daga baya aka daina.

Falalu ya ci gaba da aikinsa har idonsa ya gaza, kuma har yau akwai rajistocinsa a wasu tsofaffin makarantu, ko takarda ɗaya ba su zubar ba. Gonar Alhaji ta yi damina uku. Da kuɗin mai suka ja baya, tarakta ɗaya ta lalace, aka cire kayan ɗayar aka gyara ta, ita ma ta lalace. Wayar dai ta zauna, domin mai kyau aka saya. Rijiyar ba mai ɗiba, ba mai yasa, bakinta ya fara zubewa. Wani direban motar Gwiwa ne ya kawo labarin a shekara ta shida, a cikin hira, yana jiran a naɗe masa rajistar da aka aiko shi karɓa. Ya ce ta rufta gaba ɗaya, har wata ƙaya ta fito a wurin.

Falalu ya tambaye shi ko akwai wanda zai iya kai wa masu ita labari.

Direban ya ce ai Alhaji ya sani.